Fitilar Ammu Musa

Wata huɗu na yi a Alƙahira kafin na yarda cewa karatun da ya kawo ni babu shi. Wanda ya tarbe mu a filin jirgi, wani ɗan garinmu mai gemu har ƙirji da kowa ke kira Ustaz, shi ya karɓi fasfona da takarduna ya ce zai kai ofishin jami'a. Har yau yana hanya. Shekarar 2011 ce, ƙasar a rikice, kowa ta kansa yake yi, babu wanda zan kai wa ƙara.

Zangona na farko Arba wa Nus, unguwar da baƙaƙen fata ke fakewa a gabashin birnin. Wani tsoho, Baba Abakar, ya ba ni gefen ɗakinsa. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka taso aikin Hajji a ƙafa suka zauna a hanya. Hausarsa irin ta kakata ce, sai dai rabinta Larabci. A satina na biyu na fita sayen burodi, samari uku a keke mai ƙafa uku suka sha gabana suna "Ya samara!", wato kai baƙi. Ɗaya ya fizge wayata. Da yake ni ɗan Kano ne mai taurin kai, sai na riƙe masa riga. Wuƙa ta bi ta kunnena na hagu, na dawo gida babu waya babu burodi, jini har cikin aljihu.

Baba Abakar bai ko yi salati ba. Ya ɗebo garin gahawa ya danna a ciwon, na yi ƙara.

"Ma'alish, yi haƙuri, ɗana," ya ce. "Nan in an tare ka, ba a gudu, ba a kallon ido, ba a ambatar sunan kowa. Ka ji ni?"

Na ce na ji. A ranar na yi kukan gida, irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Yunwa ce ta kai ni Ataba, unguwar kasuwa a ƙwaryar birnin. Ni ɗan maƙeran fari ne, tun ina shekara bakwai nake gaban zugazugi, kuma don in guje wa warin sinadari na baro gida, ina mafarkin komawa da rawani ana ce mini Ustaz. Sai ga ni a wani lungu bayan kasuwa ina roƙon wani mai gyaran tagulla ya gwada ni. Usta Fathi sunansa, usta wato gwanin sana'a, gajere mai saurin hannu, a aiki da a mari. Ya jefo mini butar shayi mai karyayyen baki. Na liƙe ta, ya juya ta sau uku yana neman inda na haɗa, bai gani ba. Ya ce in zo gobe. Daga nan kaina ya kumbura, kuma kumburin nan ne ya ja mini abin da zan faɗa.

A tsakiyar Disamba, ana sanyin da ke shiga ƙashi, wani tsoho ya shigo shagon da ƙunshi a hammata. Siriri ne, da tsohuwar kwat da hular ulu, yana tari, hannunsa na rawa. Ya yi sallama, Usta ya miƙe tsaye yana "Ahlan, Ammu Musa," wato maraba, Baffa Musa. Ni ma na rusuna na ce, "Sannu, ya hagg," wato Alhaji. Tsohon ya kalle ni ya yi murmushi.

Abin da ya kwance fitila ce ta tagulla, mai nauyi, aikin hannu na gaske. Gindi ɗaya, rassa takwas a jere, kowane reshe da ɗan ƙoƙon zuba mai a kansa, duk tsayinsu ɗaya. Reshe guda ya tsage, shi za a gyara. Amma idona bai tsaya a kan tsagar ba. Akwai ƙoƙo na tara, shi kuma ya fita sahu, ya ɗare sama da rabin taƙi, ya karkata gefe abinsa.

A kwanakin faɗa ya sake ɓarkewa a Wustul Balad, tsakiyar birni. Aka harbi ɗan ƙanwar Usta a ido, Usta ya tare a asibiti kwana biyu ya bar mini shago. Na liƙe tsagar kafin azahar. Na zauna ina kallon na taran nan yana ci mini rai. Na ce a zuciyata wanda ya ƙera wannan ko dai barci ya ɗebe shi ko yaronsa ya bar wa ƙarasawa. Ni da na tashi ina jin liman yana cewa a daidaita sahu, ba zan mayar wa dattijo kayansa da ɗaya a waje ba. Na ɗauki zarto na yanke shi, na rage tsayin, na jera shi da 'yan'uwansa, na bi da magagari, na goge har tana ɗaukar ido. Tara reras. Na ja da baya ina yaba wa kaina.

Ranar da tsohon ya dawo Usta na nan. Na buɗe fitilar ina jiran shi mini albarka. Ammu Musa ya kalle ta, ya laluba kujera ya zauna. Kafin in gane me ke faruwa marin Usta ya sauka a kan kunnen nan mai tabo, na faɗa kan tarin faranti.

"Wa ya sa ka? Wa ya sa ka, ya humar?"

Jaki ya kira ni, kuma ya ɗaga hannu zai ƙara. Tsohon ya ce, "Bar shi, Fathi. Bai sani ba. Zo nan, ɗana. Yaya sunanka?"

"Sanusi."

"Sanusi, aikinka ya yi kyau. Ka lalata ta da kyau." Ya ja fitilar gabansa. "Takwas ɗin nan na kwana takwas ne. Ranar farko a kunna ɗaya, ta biyu biyu, har a cika. Haskensu ba na amfani ba ne. Ba a karatu da shi, ba a zare allura, ba a kunna taba. Shi ya sa aka yi na tara. Shammash muke ce masa, hadimi. In mutum na bukatar haske, nasa yake ɗauka. Dole ya tsaya daban, don kada wani ya ƙirga shi cikin takwas. Kai kuma ka tausaya wa hadimi ka zaunar da shi cikin iyayen gida."

Na ce, "Wane biki ne wannan, ya hagg?"

Ya waiwaya ƙofar shago, sannan ya rage murya. "Hanuka. Kuma ka daina ce mini hagg, ban je ba, ba za a bar ni in je ba. Ni Bayahude ne."

Ba zan ɓoye ba, sai da gabana ya faɗi. A gida kalmar nan zagi ce, ita ake jifan marowaci da mugu da ita, ban taɓa tunanin tana da tari da rawar hannu ba. Ya ba ni labarin a taƙaice: an taɓa ƙwace musu ɗakin ibada, da suka karɓo shi sai suka sami man zaitun mai tsarki na kwana ɗaya kawai, ya ci kwana takwas. Fitilar ta mahaifiyarsa ce. Danginsa duk sun watse ƙasashe tun yana saurayi, shi ya ƙi tafiya. A benen da yake, mai gadi da tsofaffi biyu ne kawai suka san ko shi wane ne.

"Gobe da faɗuwar rana ake farawa," ya ce. "Ma'alish. Bana na kunna a kofin shayi."

Wannan kofin shayin ne ya sa na yi rantsuwa. Na ce, "Wallahi gobe kafin magariba tana hannunka, yadda take."

"Ba za ka je ba," in ji Usta. "Gidansa na bayan inda ake faɗa. Kai baƙi, babu takarda, da wannan a hannu? Kwana takwas ne, a jira gari ya lafa."

Na ce na riga na rantse. Tsohon ya faɗa mini titi da lambar gida a kunne. Bai yarda a rubuta ba. Ya ce, "Wannan ya fi fitilar tsada. Kada ya fita daga bakinka."

Washegari tun safe na hau aiki. Guntun da na yanke yana cikin shara, na tono shi, na mayar da hadimi inda yake, sama da gefe. Bayan la'asar na nemi abin naɗewa. Tsummokaran shagon duk baƙin mai ne, na ga bai dace a sa kayan ibadar mutum a ciki ba. Abu mai tsabta ɗaya gare ni, sallayata. Na naɗe fitilar a ciki na ɗaure da igiya, ina ganin na yi ladabi.

Daga Ataba zuwa can tafiyar minti ashirin ce a ranar lafiya. Tun daga rabin hanya shaguna a rufe suke, titi cike da fasassun duwatsu. Babura na wucewa da gudu, kowanne da mutum uku, na tsakiya a sanƙame jini na zuba. Na ga wani saurayi zaune a bakin titi ya tallafe fuskarsa, jini na bi ta tsakanin yatsunsa, yana kiran uwarsa. Iska na ɗauke da barkonon tsohuwa. Wata mata ta fito daga wani lungu ta watsa mini wani farin ruwa a ido ba tare da ta tambaye ni daga ina nake ba, raɗaɗin ya ragu, ta wuce wurin na gaba.

Saura titi biyu aka tare ni. Ba masu kaki ba ne, 'yan unguwa ne da suka gindaya benci da taya suna binciken mai wucewa, da sanduna da bututun ƙarfe. Babbansu mai jar rigar sanyi ya ce in kawo takarda. Na ce babu. Ya ce daga ina. Na ce Arba wa Nus. Suka kalli juna.

"Me ke cikin sallayar?"

"Aiki ne."

Ya yanke igiyar. Fitilar ta faɗo kan kwalta da ƙara, ta mirgina, rubutun da ke gindinta ya kalli sama. Ni ban taɓa damuwa da rubutun ba, na ɗauka ado ne. Su sun san shi daga talabijin, rubutun Yahudawa ne.

"Gasus!" wani ya yi ihu. "Ɗan leƙen asiri! A cikin sallaya ya ɓoye!"

Ban ga bugun farko ba, a ƙeya ya same ni. Na durƙusa, takalma suka rufe ni. Wani ya sa mini bututu a haƙarƙari, na ji abu ya yi ƙaras a ciki. Ina ta kalmar shahada da ƙarfi don su ji ni Musulmi ne, wani ya ce, "Har wannan sun koya masa," ya cusa mini takalmi a baki. Haƙorina biyu a nan suka zauna. Jama'a na ƙaruwa, waɗanda ba su san me aka yi ba ma suna miƙo nasu ta saman kafaɗar wasu.

Mai jar riga ya dakatar da su. Ya tsuguna ya kama gashina.

"An goge ta yau, tana warin mai. Wa za ka kai wa? Wane gida?"

Na ce tsinta na yi. Ya sa biyu suka danne hannuna na dama a gefen titi, ya ɗauki dutsen daɓe.

"Wane gida?"

Lambar gidan tana kan harshena, wallahi har na ji ɗanɗanonta. Hannun da nake ci da shi ne, ba ni da wata sana'a. Kuma me ya haɗa ni da tsohon nan? Sau biyu na taɓa ganinsa. Na ce, "Ban sani ba." Ba jarumta ba ce, ina jin taurin kan ne kawai. Dutsen ya sauka. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Ya sake tambaya, ya sake saukewa. A karo na uku ban ma iya magana ba, amai nake yi.

Gwangwanin barkonon tsohuwa ne ya cece ni. Ya faɗo tsakiyarmu yana juyi yana feshi, bayansa kuma ga taron mutane sun kwararo a guje ana harbi. Aka watse, aka tattake ni. Na rarrafa, na laluba da hagu na ci karo da tagulla. Na rungume ta na miƙe.

Nan ne na yi wautar da ta fi ta zarto. Mai hankali Ataba zai koma, ko ya shige masallaci ya jira duhu. Ni kuwa na ɗaga kai na ga rana ta yi ja a saman benaye, abin da ya zo mini kawai shi ne na rantse. Na miƙe sak zuwa gidan, ina tangaɗi, jini na ɗiga, ban waiwaya ko sau ɗaya ba. Abin da na hana bakina faɗa, ƙafafuna suka faɗa.

Mai gadin, wani ƙaton mutumin kudancin Masar, ya gan ni ya ga abin da na runguma, ya janye ni ciki. Sai ya leƙa bayana, fuskarsa ta canza. Ya ja ƙofar ƙarfe ya sa sarƙa da kwaɗo.

"Allah ya isa," ya ce mini. "Ka zo da su."

Hawa na biyu ne. Ammu Musa ya buɗe ƙofa, ya kalli bakina, ya kalli hannuna da ya zama kamar danƙararren tuwo. Ya zaunar da ni ya yaga rigar matashi ya ɗaure hannun a jikin cokalin katako, yana yi yana tsaki. Ɗakin a rufe yake ruf, marafan taga na katako a kulle, labule a sauke. A tsakiya akwai ƙaramin tebur da farin mayafi, da kwalbar man zaitun, da lagwani na auduga da ya murza da kansa. Ga kofin shayi biyu a ajiye, ashe bai sa rai zan zo ba.

Daga ƙasa aka fara dukan ƙofar ƙarfe. Muna jin mai gadi yana rantsuwa da sakin matarsa cewa babu wanda zai shiga sai ta kan gawarsa. Sai muryar mai jar riga ta taso, yana tambayar wane hawa ne Bayahuden yake.

Na fashe da kuka. "Ammu, ban faɗa ba. Wallahi ban faɗa ba. Biyo ni suka yi."

"Na ga hannunka," ya ce. "Na san ba ka faɗa ba."

Ya ɗauki fitilar. Rassa biyu sun lanƙwashe, ya dafa ta a gwiwa yana ƙoƙarin miƙar da su, ƙarfinsa bai kai ba. Na danne da ƙafa na ja da hagu har suka dawo sahu. Ya tsaya yana sauraren ihun. Sannan ya ce, "Ka san inda ake ajiye ta a asali? A taga. Don mai wucewa ya gani, shi ne dukan manufar. An yi mana sauƙi, in ana tsoro a ajiye a tebur a rufe ƙofa. Shekara hamsin da wani abu ina cin wannan sauƙin." Ya nuna tagar da haɓa. "Ina ɗan yaro uwata a can take kunnawa. To, yanzu me ya rage in ɓoye? Kama mini teburin."

"Ammu, za su kashe ka."

"Yalla, maza, rana ta faɗi."

Muka ja teburin, shi da rawar hannu, ni da hannu ɗaya. Ya zuge labule ya tura marafan katakon waje, gilashi kawai ya rage tsakaninmu da titi. Ana kiran sallar magariba daga wani masallaci, ana harbi daga wani gefen. Ya zuba mai a ƙoƙon ƙarshe na dama da na hadimi, ya sa lagwani, ya kunna kyandir. Ya rera wata addu'a da harshen da ban sani ba, muryarsa na karyewa. Ya kunna na farko, sannan hadimi. 'Yan harsunan wuta biyu ne, ko fuskar mutum ba su isa haskawa sosai ba.

Titin ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai dutse na farko ya fasa gilashin sama.

Na ja shi muka zauna a ƙasa, bayanmu a jikin bango ƙarƙashin tagar. Na ce mu shiga ciki. Ya ce sai ta yi rabin awa tana ci, haka dokar take, kuma ba a barinta ita kaɗai. Duwatsu suka yi ta shigowa. Ɗaya ya fasa madubi, ɗaya ya sauke hoton wata mata daga bango. Gilashi na zubo mana a ka. Wani guntun bulo ya daki bango ya dawo ya same shi a goshi, jini ya gangaro ta gira ya shiga farin gemunsa na kwana uku. Na danne wurin da hular ulunsa. Iskar Disamba na shigowa ta fasasshiyar taga, wutar na kwanciya tana tashi.

Ba su shigo ba. Mai gadi da sandarsa da wata tsohuwa ta hawa na ɗaya, wadda ta fito baranda tana tsine musu da sunayen iyayensu, su suka riƙe ƙofar har faɗan babban titi ya janye su. Amma gidan ya ƙare masa. Washegari wasu mutanensa suka zo da mota suka ɗauke shi daga ɗakin da aka haife shi, da akwati ɗaya, bai sake kwana a ciki ba. Ni na jawo masa, kuma har gobe abin na ci na. Yatsuna uku ba su sake lanƙwasuwa ba, Usta ya riƙe ni a shago ina goge-goge har na sami takardar komawa gida bayan shekara biyu. Ban sake ganin Ammu Musa ba.

Duk wannan daga baya ne. A lokacin muna zaune cikin fasasshen gilashi, yana duba agogonsa, ni ina ta ba shi haƙuri, ina cewa na ɓata masa fitila na kuma ɓata masa gida. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, kamar ina damunsa da surutu a tsakiyar wani abu mai muhimmanci.

"Sanusi, idona ba shi da ƙarfi, kuma teburin nan gajere ne. Kana jin ana ganinta daga ƙasa?"

Wani dutsen ya shigo ya wuce ta saman kanmu ya tarwatsa kofunan shayin.

Na ce, "Ammu, sun gani."

Ya jingina kansa da bango ya rufe ido, jini na ɗiga daga gemunsa, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Alhamdulillah," ya ce. "Saura minti goma sha ɗaya."